Hoton da Na Rufe da Gefen Mayafi

Bakin nan nawa ya saba da tatsuniya. Jikoki da 'ya'yan maƙwabta sun sha kewaye ni ina ba su labarin namun dawa, suna dariya har su ɓingire. Amma wannan da zan faɗa ba a dawa ya faru ba. A tsakar gidana ya faru, da rana tsaka, kuma babu abin dariya a cikinsa. Ni ban yi boko ba, allo ma ban wuce abin da zan yi salla ba. Faɗa nake ana rubutawa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Tsanyawa, inda gonar wannan take jingine da ta wancan, gida yana jin tarin gida. Tun ina da sauran ƙarfi ni ce ungozomar unguwarmu. Ni nake yanke cibiya, ni nake wankan farko, ni nake gasa mai jego. Rabin mutanen da suke wucewa ta ƙofar gidana da gemu ko da goyo, hannuna ne ya fara taɓa su. Shi ya sa in na yi magana a kan jikin mutum ba a musa min. Kowa Iya yake ce min, har dattawan da suka kusa sa'ata.

Ina da jika, 'yar farin babban ɗana. Ana yaye ta aka kawo min ita, kamar yadda ake yi a wajenmu. Uwarta ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana a gaban mutane, ko faɗuwa ta yi ba za ta ɗaga ta ba in da ido a wurin. Kunyar 'yar fari ke nan. Don haka ni ce gadon bayanta, ni ce kuma bakinta.

Wasa muke yi irin na kaka da jika. In ta tashi da safe ta leƙo ɗakina sai ta ce, tsohuwa, har yau kina nan, ai na ɗauka yau za mu ci gumbar sadakarki. Ni kuwa in ce mata ta kwantar da hankalinta, sai na ga furfurarta tukuna. Tana sace min goro, ina ɓoye mata takalmi. Haka muka zauna har ta girma, ta sauke Alƙur'ani, ta yi makarantar gwamnati a gari, ta dawo ta wuce shekara ashirin. Liman ya ba ta ajin matan aure, bayan la'asar, a zauren gidansa. Matan da suka girme ta suna ce mata Malama. In na ji hakan sai in kau da kai kamar ban ji ba, amma cikina fari tas.

Shekarar da abin ya faru an yi gyaɗa sosai. Ranar kasuwa ce, ita ta tafi sayo alli da littattafan ajinta. Mata sun taru a gidana ana ɓarar gyaɗa, mun kai mu goma, har da uwarta. Na lura hirar ba ta tafiya. Sai a yi ƙus-ƙus, in na ɗago a yi shiru. Can maƙwabciyata, matar mai injin niƙa, ta kwance bakin zaninta ta fito da waya. Ta ce wani abu ne yake yawo a wayoyin maza tun shekaranjiya, wasu suna cewa Malama ce, wasu suna cewa ba ita ba ce.

“Iya, ke kika yi mata wankan farko, ke kika goya ta. Duba ki raba mana gardama.”

Na goge hannuna na karɓa. Kafin idona ya sauka sosai na gane babu sutura a jikin wadda take ciki. Na yi istigfari, na ja gefen mayafina na rufe gilashin wayar daga wuya zuwa ƙasa. Fuska kaɗai na bari.

Fuskarta ce. Ga wushiryar, ga ɗan tabon da ke saman girar hagu inda ƙahon akuya ya taɓa samunta, ga yadda take karkata kai in za ta yi murmushi.

Abu biyu ne suka riƙe ni a lokacin, kuma duka biyun da su aka raine ni. Na farko kunya. Ni da na ga tsiraicin haihuwa ba adadi, ban taɓa kallon tsiraici don kallo ba, ban kuwa yi niyyar farawa da tsufana a gaban surukata ba. Na biyu kara. Mu an koya mana ba ka tsaya wa naka a gaban jama'a. In ɗanka ya yi faɗa da ɗan wani, naka za ka fara mari, sannan a tambayi ba'asi. Ido goma yana kaina yana jira ya ga ko Iya za ta rufa wa tata. Na ji tsoron a ce na yi son kai fiye da yadda na ji tsoron in yi kuskure.

Na miƙa wayar, na ce, “Ita ce.”

Uwarta ta tashi, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta fita. Ba ta da bakin magana a kan 'yar fari. Mai bakin ta riga ta yi.

Kafin magariba maganar ta zaga ƙauye, kuma ba cewa ake an ga hoto ba. Cewa ake, Iya ma ta ce ita ce.

Yarinyar ta dawo da yamma da ƙura a ƙafa, ta jefo min ƙullin goro ta ce in ci in ƙara kwana biyu. Ban ɗauka ba. Da ta ji abin da ake ciki, ta zauna a ƙasa. Ta rantse da Allah, ta rantse da Alƙur'anin da ke ƙirjinta. Ta ce yanzu akwai yadda ake yi da waya a ɗauki fuskar mutum a ɗora a jikin da ba nasa ba, har mahaifiyarsa ta kasa ganewa. Na ce mata kai ba murfin tukunya ba ne da za a ɗauke daga wannan a kife a waccan. Na ce idona ne ya gani, ba labari aka ba ni ba.

Ta dube ni ta ce, “Kin duba da kyau?”

Na ce, “Na duba abin da ya halatta in duba.”



Washegari liman ya aiko cewa ta ɗan huta da ajin tukuna. Bai ma buƙaci aikowa ba, don mazan sun riga sun hana matansu. Ubanta ya daina fita cin tuwo da maza a ƙofar gida, masallaci kuwa sai an tayar yake shiga, ana sallama ya fice. In ta je rijiya, matan da suke ce mata Malama sai su janye gugansu su ba ta wuri, wurin da ya fi zagi ciwo. Daga baya ta daina fita gaba ɗaya.

Wasa kuwa ya mutu a gidana. Da safe za ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa har ƙasa ta ce, ina kwana Iya, an tashi lafiya. Gaisuwa cikakkiya, babu abin da ya ragu a cikinta. Goron da na ajiye a inda ta saba sacewa ya bushe a wurin. Ni kuma ina ɗaure fuska, ina ganin horo nake yi.

An yi kamar mako uku a haka, sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba ta ci, ba ta magana. Wata safiya da hantsi na dafa ganyen darbejiya, na kai ruwan bayan ɗaki, na riƙo ta na zaunar a kan turmi don in yi mata wanka kamar yadda nake yi tana ƙarama. Ta bar ni, don ba ta da ƙarfin hanawa.

Ina zuba ruwan ina shafawa sai tafin hannuna ya bi ta kan tsagar.

Tana shekara uku ta yi wani ciwo da cikinta ya kumbura. A lokacin abin da muka sani shi ne wanzami. Ni na riƙe ta a cinyata, na danne hannayenta, tana ihu tana kiran sunana, ya yi mata tsaga jere. Tabon bai taɓa ɓacewa ba, da ita ya girma. Inda yake da yawansa ba zan faɗa ba, don da wannan sharaɗin ta yarda in ba da labarin nan. Abin da zan ce shi ne, duk wanda ya ga jikin nan babu sutura, ba yadda za a yi ya kasa ganinsa. A duk ƙauyen mutum uku ne suka san da shi: wanzamin, ya rasu, uwarta, ba ta da baki, sai ni.

Na ajiye ƙwaryar a hankali. Na tambayi kaina ko akwai tsagar nan a hoton. Ban sani ba. Mako uku ina cewa idona ya gani, ashe gefen mayafina na gani.

Na ƙarasa mata wankan, na kwantar da ita, na yafa mayafin nan dai na tafi gidan mai injin niƙa. Na ce wa matarsa ta ba ni wayar. Ta ce, Iya, me kuma za ki sake gani, ai ya isa haka. Na ce ta ba ni. Na zauna a bakin murhunta na buɗe ido na kalli abin tun daga sama har ƙasa, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Fata sumul kamar sabon kwano. Babu tsaga, babu alamar an taɓa yi. Cibiyar ma ba wadda na yanka ba ce, ai na san aikin hannuna.

Ban san yadda na dawo gida ba. Na shiga ɗakin na zauna a gefen katifarta, na faɗa mata abin da na gani. Na ce yanzun nan zan tara matan da suka zauna ɓarar gyaɗa, su shigo ɗaya bayan ɗaya su ga tabon da idonsu, su gwada da hoton, magana ta ƙare.

Ta juyo da ƙyar ta ce, “Sun tuɓe ni da ƙarya, ke kuma yanzu za ki tuɓe ni da gaskiya? Babu wanda zai ga jikina. Kuma ban yarda ki faɗa wa kowa abin da ke jikina ba.”

Na ce to ta yaya za a wanke ta. Ta ce bakin da ya shafa mata shi zai wanke, in zai iya. Ta juya fuskarta bango.

Haka na ɗauki sandata na fara bin gidaje. Babu gidan da ake hana ni shiga, wannan kam aikina ya ba ni. In na shiga sai in ƙi tabarma, in tsaya a tsaye in ce, na zo in janye maganata, ƙarya na yi wa jikata, ban duba ba na ce na duba. A tambaye ni mene ne shaida, in ce na sani amma ba zan faɗa ba.

A nan na gane ramin da na haƙa. Ranar da na ce ita ce, an yarda da ni ne saboda tawa ce, ana cewa tunda kakarta ta faɗa ai babu sauran shakka. Yanzu da na ce ba ita ba ce, sai aka ƙi yarda saboda tawa ce. Wata ta ce, Allah sarki Iya, jini ne ya motsa. Wata ta ce ai ko ita ce haka za ta yi. Wata tsohuwa sa'ata ta ce min in koma gida in huta, tsufa ne ya fara taɓa min ido, ko dai wancan karon ko wannan. Na kwana huɗu ina yawo, ƙafata ta kumbura, ban ga na ciro komai ba.

A rana ta biyar na shiga gidan mai shagon caji. Ƙauyenmu babu wuta, don haka kowa can yake kai wayarsa, mutumin yana da janareta da allon hasken rana a bakin hanya. Matarsa tana cikin ɗaliban jikata, kuma haihuwa uku na karɓa mata. Na faɗi abin da nake faɗa a ko'ina, ba ta ɗago kai ba. Da na juya zan fita sai ta biyo ni zaure kamar mai rakiya, ta kama bakin mayafina. Ta ce mijinta ne ya yi hoton. Ta ce ta gan shi yana haɗawa, shi da abokansa biyu suna dariya. Fuskar kuwa daga hoton ranar walimar saukarta ya ciro, a cikin wayar ita Malamar, wata rana can baya da ta kai caji.

Dalilin ma ta faɗa min. Jikata ta lura yana buɗe wayoyin matan da ake kai masa yana kallon hotunansu. Sai ta koya wa ɗalibanta yadda ake kulle waya da lamba, ta kuma gaya musu dalili. Maganar ta fita, aka yi masa dariya a majalisa. Shi ke nan abin da ta yi masa.

Ɗana ya kai magana gaban dagaci. Da safe aka zauna, zauren ya cika. Ni mace ce, amma na shiga na zauna daga bakin ƙofa, ba wanda ya ce in fita. Na zaci mutumin zai yi musu. Bai yi ba, har da ɗan murmushinsa.

“Ranka ya daɗe, ai ba ita ba ce, haɗi ne kawai. Ban taɓa ta ba, ban leƙa ta ba, ban ga jikinta ba. Wasa ne ya yi nisa. To me na sata?”

Abin da na kwana biyar ina roƙon a yarda da shi, shi ya faɗe shi a numfashi ɗaya, kuma a matsayin abin da zai kuɓutar da shi. Liman ya ce wannan ƙazafi ne, ƙazafi kuwa ba ƙaramin zunubi ba ne. Mutumin ya ce shi bai buɗe baki ya ce ta yi komai ba. Dagaci ya yi masa faɗa sosai, ya sa ya durƙusa ya ba ɗana haƙuri, ya ce a goge hoton. A goge a ina? Ya riga ya kai Bagwai, an ce har wani direba ya gani a Kano.

Ɗana bai haƙura ba. Ya hau mota ya tafi gari wurin masu karɓar ƙara. Ya dawo da la'asar ya ce an saurare shi da mutunci, an ce akwai dokar ɓata suna da za a iya bi ta kanta, amma wanda ya yi masa bayani bai san wata doka da ta ambaci wannan abin da sunansa ba. Kuma in za a bi, sai hoton ya bi hannu da hannu, sai yarinyar ta je ta tsaya an yi mata tambayoyi. Ta ce ba za ta je ba. Ban ga laifinta ba. Bayan kwana biyu mutumin ya tayar da janaretansa, mutane suka ci gaba da kai masa waya, don babu wani wurin cajin.

Ni dai ga abin da na sani. A ƙauyen nan in mutum ya kwance akuyar wani, ba a tambayar mai akuya ya nuna haƙarƙarinsa kafin a kama ɓarawo. An san sunan laifin, an san inda ake kai mai shi. Wannan kuwa ya ɗauki fuskar 'yar mutane, fuskar da take salla da ita, take gaida ubanta da ita, ya kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba, kuma ya zauna a gaban dagaci yana tambaya me ya sata. Na ji a rediyo ana maganar a yi doka a kan masu irin wannan haɗin. In masu yin dokar za su ji ta bakin tsohuwar da ba ta san alif ba, su rubuta cewa haɗawar ita ce laifin, turawar ma laifi ce, ko an yarda da hoton ko ba a yarda ba. Kada a ce sai yarinya ta kwance zaninta kafin a san an zalunce ta.

Amma babu dokar da za a rubuta a kan abin da ni na yi. Mutumin nan bare ne a wurinta, haushinta yake ji. Ni ce na goya ta.

Bayan zaman dagaci liman ya aiko cewa ta dawo ajinta. Ta warke, ta shirya, ta tafi. Ranar farko ba wadda ta zo, ta zauna ita kaɗai har aka kira magariba. Mazan sun ji gaskiya, amma kowa yana jira ya ga matar wa za ta fara zuwa. Rana ta biyu da la'asar na naɗe tabarmata na bi bayanta. Na shimfiɗa a gaba, daidai ƙafarta. Ta dube ni, ta fara karatu kamar zauren a cike yake. Kwana uku muna haka, ni da ita. A na huɗu matar mai injin niƙa ta shigo tana sunkuyar da kai. Bayanta wasu biyu. Uwarta ma ta zo, ta zauna can baya kusa da ƙofa, inda ba za su haɗa ido ba. Har yau akwai waɗanda ba su dawo ba, kuma na san hoton yana nan a wayar wasu.

Wata rana ta raba littattafai, ta ba ni ɗaya. Na riƙe shi a gabana kamar yadda na ga saura sun yi, na kai gefen mayafi ina goge ƙurar da ke shafin. Ta zo wucewa ta tsaya a kaina. Ta karɓi littafin ta juya shi, ashe a kife na riƙe, ta mayar min a hannu.

“Tsohuwa, wannan ma rufewa za ki yi da mayafin? Janye ki duba.”

Rabon da ta ce min tsohuwa tun ranar kasuwar nan. Matan suka yi dariya. Ni ban iya ba. Na janye mayafin, na sa yatsa inda ta nuna min, na duba.